GASAR TALBIJIN DA LAMBOBINTA: MU KE KALLO, WASU KE DA ƘURI'A

Ran Lahadi 5 ga watan Oktoba na 2025 dare ya yi mini a Suleja, ina kan hanyata ta komowa Ikko daga ganin gida. Bayan na idar da sallar lisha sai na fita neman shayi a unguwar Kwamba, na tarar da wani gidan kallo ya cika maƙil da samari, har waɗansu sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙe. Na zaci ƙwallon Turai ake bugawa, don shi ne ya saba tara jama'a haka. Ashe ba shi ba ne. A daren nan ne ake rufe gasar nan ta Big Brother Naija karo na goma, wadda aka ce kyautarta ta kai Naira miliyan 150.

Da aka ambaci sunan yarinyar da ta ci, wadda ake kira Imisi, sai wuri ya ruɗe, waɗansu na tsalle, waɗansu na rantsuwa an yi musu maguɗi. Suka fito teburin mai shayi suna ta gardama. Mai shayin, wani dattijo ne mai furfura, ya bari sai da suka lafa, sa'an nan ya ce, "To ku samari, mako goma kuna biyan kuɗi kuna kallon nan, cikinku wa ya jefa ƙuri'a?" Aka yi tsit. Can sai wani ya ce ai mai gidan kallon ne ke da dikoda, in ma ana zaɓe to shi ke yi.

Wannan tambaya ta dattijon ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mu 'yan Arewa, na gida da mazauna Kurmi, muna cikin masu kallon waɗannan shirye-shirye, muna kuma cikin masu zaginsu. Amma in aka zo wajen rabon lambobin girma, da ƙidayar ƙuri'a, da cin ribar abin, sai ka neme mu ka rasa. Ya kamata mu san dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

MENE NE ASALIN ABIN?

Shirye-shiryen da muke magana a kansu su ne waɗanda ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Ba irin su Samanja Mazan Fama ba ne na marigayi Usman Baba Pategi, ko wasannin marigayi Kasimu Yero, inda kowa ya san wasa ake yi. A nan mutane ne na gaske ake tarawa, a sa su gasa, na'urar ɗaukar hoto tana bin su, masu kallo kuma su zaɓi wanda zai zauna da wanda za a kora. Wani lokaci gasar ta waƙa ce, wani lokaci ta rawa ko ta juriya a daji, wani lokaci kuwa zaman gida ɗaya ne kurum.

Shi Big Brother a ƙasar Holan aka ƙirƙiro shi cikin 1999. An yi na Afirka baki ɗaya a 2003, sa'an nan aka yi na Nijeriya zalla a 2006. Daga nan aka dakata sai 2017 aka farfaɗo da shi, tun daga lokacin kuwa ya zama na shekara-shekara. Ba shi kaɗai ba ne. An yi Gulder Ultimate Search tun 2004, wanda kamfanin giya ya ɗauki nauyinsa, an yi Project Fame na kamfanin MTN daga 2008, ga Nigerian Idol, ga The Voice Nigeria da ya soma a 2016. Kusan dukansu daga Ikko ake sarrafa su, da Ingilishi ko burokan ake yin su, kuma kamfanonin waya da na abin sha da bankuna ke biyan kuɗin tallar da ke riƙe da su.

Kada mai karatu ya ɗauka ɗan Arewa bai taɓa cin irin wannan gasa ba. Wanda ya fara cin Big Brother na Nijeriya a 2006, watau Katung Aduwak, mutumin kudancin Jihar Kaduna ne, ya kuma tafi da Dala 100,000. A 2009 Kevin Pam na Jihar Filato ya ci na Afirka baki ɗaya, ya sami Dala 200,000. A 2020 wata yarinya 'yar asalin Jihar Sakkwato, Kaisha, ta shiga gidan. Saboda haka ba a rufe ƙofa ba. Abin dubawa shi ne hannun wa makullin yake.

YADDA AKE ƘIDAYA

Kuɗin da ke cikin wannan harka ba na wasa ba ne. A 2017 wanda ya ci Big Brother Naija ya karɓi Naira miliyan 25. A 2020 kyautar ta kai ta miliyan 85, a 2022 ta kai miliyan 100, a 2023 kuwa miliyan 120. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, wanda shi ke da shirin, ya ce a 2018 an jefa ƙuri'a miliyan 170, a 2020 kuwa fiye da miliyan 900.

To, a nan ne mai hankali zai tsaya. Mutanen Nijeriya duka, da jarirai da tsofaffi, ba su kai sulusin miliyan 900 ba. Ashe ke nan ba mutane ake ƙidayawa ba, dannawa ake ƙidayawa. A can baya ana zaɓe da saƙon waya, kowane saƙo Naira 30, mai kuɗi ya aika da yawa, talaka ya aika ɗaya ko ya haƙura. Daga baya aka mai da ƙarfi kan intanet da manhajar kamfanin da ake sa wa a waya. A cikin manhajar nan, gwargwadon tsadar kuɗin watan da kake biya gwargwadon yawan ƙuri'unka. Mai biyan rukuni mafi tsada yana da ƙuri'a sama da dubu biyu a zagaye guda, mai biyan ƙaramin rukuni kuwa 'yan ɗaruruwa ne rabonsa.

Yanzu sai mu koma gidan kallon nan na Kwamba. A ce mutum hamsin ne a kan benci, duk sun biya kuɗin shiga, duk sun kalli tallar da aka saka, waɗansunsu ma gobe za su sayi abin da aka tallata. Amma a littafin kamfani mutum ɗaya ne, domin dikoda ɗaya ce. Wani attajiri kuwa a Lekki ko Maitama, shi kaɗai a falonsa, ƙuri'arsa ta rinjayi ta benci goma. Haka abin yake a shagunan aski na Agege da Idi-Araba, da rumfunan Mil 12, da Sabon Badun, da Shagamu, da wuraren da 'yan uwanmu ke taruwa a Anacha da Fatakwal. Mu mutane ne masu kallo a taro, tsarin ƙidayar kuwa an gina shi ne don mai kallo shi kaɗai a ɗakinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Suleja ta fi ko'ina nuna wannan hali. Gari ne da ke cike da ma'aikata da direbobi da magina da 'yan kasuwa waɗanda ke wuni a Abuja su kwana a nan, saboda kuɗin hayar babban birni ya fi ƙarfinsu. Bahaushe da Bagwari da Banufe da Bayarabe da Inyamuri duk suna kasuwa ɗaya, suna gidan kallo ɗaya. In akwai inda za a auna abin da talakan Nijeriya ke so ya kalla, to irin wannan gari ne. Amma ma'aunin da ake amfani da shi ba ya ganinsu.

LAMBAR DA MAI GIDA KE BA KANSA

Sai kuma maganar lambobin girma. Bikin da ya fi kowanne amo a harkar fim da talbijin a ƙasar nan shi ne wanda ake kira AMVCA, watau lambobin zaɓin masu kallon tashoshin Africa Magic. An fara shi a 2013, a Ikko ake yin sa, kuma MultiChoice ɗin nan dai shi ke shirya shi. Waɗansu lambobin alƙalai ke yanke su, waɗansu kuwa masu kallo ke zaɓe ta intanet.

A cikin bikin na 2024 da na 2025 akwai lambobi na musamman domin shirye-shiryen da ba a rubuta su. Sai dai sunan ɗaya daga cikinsu da kansa ya faɗi iyakarta: ta shirye-shiryen da tashoshin kamfanin suka yi da kansu ce. Watau in wata tasha a Kano ko Kaduna ko Minna ta yi shirin gasa wanda ya girgiza Arewa duka, ba ta da wurin tsayawa a wannan layi. Mai gida ne ya tara 'ya'yansa, ya ce a zaɓi wanda ya fi kyau a cikinsu. Ba laifi ba ne mutum ya yaba wa 'ya'yansa, amma kada a kira wannan hukuncin gari.

Bari mu dubi yadda ake yi a Ingila, ba don komai nasu daidai ne ba, sai don a ga bambanci. Tun 1995 suke da bikin lambobin talbijin na ƙasa, wanda tashar ITV ke nunawa, jama'a kuma ke zaɓe. Akwai lamba ta shirye-shiryen gasa irin waɗannan. A 2023 da 2024 shirin da ya ci wannan lamba shi ne The Traitors, na BBC, watau kishiyar tashar da ke nuna bikin. ITV da kanta ta nuna wa duniya kishiyarta tana karɓar kambi. Abin da ya sa lambar ke da daraja ke nan, don kowa ya san mai masauki ma yana iya faɗuwa.

RANAR DA AKA HAƊE LAYIN HAUSA

Akwai wani abu kuma da ya faru wanda da yawanmu ba mu lura da shi ba. Shekara da shekaru bikin AMVCA yana da lamba ta fim ko wasan Hausa ita kaɗai, kamar yadda Yarabanci da Ibo da Suwahili ke da nasu. A ƙarƙashinta ne Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya ci a 2016, fim ɗin Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018, fim ɗin Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci a 2023. Kowace shekara dai an tabbata za a ji Hausa a kan dandamalin nan na Ikko, ko da na minti biyu ne.

A 2024 sai aka sake tsari. Aka haɗe harsunan Afirka ta Yamma duka a lamba ɗaya. A shekarar fim ɗin Yarabanci mai suna Jagun Jagun na Femi Adebayo ne ya ɗauka. A 2025 wani fim ɗin Yarabancin, Lisabi, shi ya ɗauka, ko da yake fim ɗin Hausa mai suna Mai Martaba yana cikin 'yan takara, shi ne kuwa fim ɗin da Nijeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar ta Amurka a wannan zagaye.

Ba na cewa finafinan da suka ci ba su cancanta ba. An kashe musu kuɗi, an yi musu aiki, duk wanda ya gan su zai shaida. Abin da nake cewa shi ne, in za a kara fim ɗin da aka nuna a Netflix, wanda masoyansa ke da manyan wayoyi da kuɗin data, da fim ɗin da masoyansa ke kallo a gidan kallo ko a tura musu a waya a kasuwa, sa'an nan a ce a je intanet a yi rajista da Ingilishi a yi zaɓe, to tun kafin a buga ganga an san wanda zai yi rawa.

IDAN ƁERA DA SATA

Gaskiya dai ɗaya ce, kuma ba za mu ɓoye namu laifin ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. MultiChoice kamfanin kasuwanci ne, asalinsa na Afirka ta Kudu, a cikin 2025 kuma kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓi ragamarsa. Ba hukumar raya al'adun Hausa ba ce, ba kuma wanda ya ɗora masa wannan nauyi. Inda kuɗin wata ke fitowa nan zai karkata. Ya buɗe tashar Africa Magic Hausa tun 2010, ya sayi finafinan Kano masu yawa, mutane da dama sun ci abinci ta wannan hanya. Shirin Big Brother kansa, tun da aka dawo da ɗaukarsa Ikko a 2019 bayan an yi na 2017 da na 2018 a Afirka ta Kudu, yana ba masu ɗaukar hoto da kafintoci da teloli da masu abinci aiki.

Mu fa me muka yi? Talbijin ba baƙo ba ne a wurinmu. Na Badun ya fara a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962, shekara uku kacal tsakani. A zamanin da aka kafa NTA a 1977 da shekarun da suka biyo, tashoshin Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato suna yin wasannin da ake rububin kallo, har Cockcrow at Dawn da aka ɗauka a wajen Jos ya zama abin kallon ƙasa duka. Ina wannan himma ta tafi? Tashoshin jihohinmu da yawa sun koma nuna gwamna ya tafi, gwamna ya dawo. Attajiranmu kuwa, waɗanda ke iya kashe miliyoyi a biki ɗaya, da wuya ka ga sun ɗauki nauyin shirin talbijin na mako goma. Hatta tashar Arewa24, wadda ta fara a 2014 ta kuma farfaɗo da wasan Hausa a talbijin, da tallafin gwamnatin Amurka aka kafa ta tun farko. Wannan abin kunya ne gare mu, ba gare su ba.

A HANA, KO A YI WANDA YA FI SHI?

Duk shekara in an fara Big Brother sai ka ji malamai da limaman coci da ƙungiyoyin iyaye suna kira a hana shi. Kukansu yana da dalili. An tara samari da 'yan mata baligai a gida ɗaya dare da rana, ga giya, ga shigar da ba ta dace ba, ga abubuwan da ba a faɗa a jarida. Ba uban kirki da zai so ya zauna da 'yarsa su kalli wannan. A 2019 shugaban Hukumar Raya Al'adu ta Ƙasa na lokacin, Otunba Segun Runsewe, ya yi kakkausar magana a kan shirin, har ya ce za a fito da wani mai tsabta a madadinsa. Shekaru sun wuce, ba mu ga wani madadi da ya ja hankalin jama'a ba, shi kuwa wancan sai ƙara kuɗi yake yi.

Hanin ma yaya za a yi shi? Kamfanin zai ce shirin na 'yan shekara 18 ne zuwa sama, a tashar biya yake, kuma akwai lambar sirri da uba zai iya rufe tashar da ita. Ko da Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talbijin ta rufe shi gobe, guntayensa suna yawo a TikTok da Facebook da WhatsApp, cikin aljihun yaran da ba su taɓa ganin dikoda a gidansu ba.

Larabawa sun riga mu shiga wannan matsala, ya kamata mu ga yadda suka fita. A 2004 tashar MBC ta fara nata Big Brother a ƙasar Bahrain. Jama'a suka yi zanga-zanga, ba a yi mako biyu ba aka tsai da shi. Amma ba su tsaya nan ba. A 2006 tashar Abu Dhabi ta fito da gasar da ake kira Sha'irin Miliyan, inda mawaƙan baka ke karawa da waƙoƙin gargajiya na Larabawan ƙauye, ga alƙalai masana, ga ƙuri'ar masu kallo, ga kyauta ta miliyoyin Dirhami. Tsarin dai shi ne na Turawa, watau a tara, a gwada, a kora, a bar gwani. Abin da aka zuba a ciki kuwa nasu ne. A 2010 wata mata 'yar Saudiyya, Hissa Hilal, ta shiga da niƙabinta ta zo ta uku, duniya duka ta ji labarinta. A Malesiya an yi gasar samarin limamai a talbijin a 2010. A Kenya tun 2012 ake wani shiri mai suna Shamba Shape Up, inda ake zuwa gonar ƙaramin manomi da masana a gyara masa ita a gaban masu kallo. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

ABIN DA KE HANNUNMU

Shin mu ba mu da abin gasa ne? Ai kafin a ƙera akwatin talbijin muna da shi. Daga Suleja in ka nufi Abuja, ka wuce Dutsen Zuma da Madalla, ba ka yi nisa ba za ka kai Dei-Dei, inda ake dambe. Can akwai ɓangaren Kudu da na Arewa da na Guramada, kowane da 'yan wasansa da makaɗansa da magoya bayansa, akwai kirari, akwai tsohuwar gaba, akwai yaro sabon tashi da ke neman ya kai babban ɗan dambe ƙasa. Duk abin da masu shirya Big Brother ke wahalar ƙirƙirowa don su riƙe mai kallo, ga shi nan Allah ya ba mu a fili. Amma sai da waɗansu daga waje suka zo suka ɗauki damben suka sa a YouTube, irin su kamfanin African Warriors na Maxwell Kalu, sa'an nan duniya ta san da shi. Madalla da su. Mu kuwa muna gefe muna tafi.

Ga musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986, ana fara ta daga ƙananan hukumomi zuwa jihohi har ƙasa baki ɗaya, maza da mata. Ga gasar kamun kifi ta Argungu da ta samo asali tun 1934. Ga kokawa, wadda 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar suka mai da ita gasar ƙasa mai takobi, gari duka ya tsaya cik in ana yin ta. Ga Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda tun 2016 ta nuna cewa akwai mata marubuta birjik a ɗakunanmu. Ga waƙar baka, ga ɗinki, ga girki, ga noma, ga ƙira.

Suleja kanta tana da darasi a kan lambar girma. Garin nan shi ne Abuja na asali, wanda ya ba da sunansa ga sabon babban birni bayan dokar 1976, ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau. A fadar wannan Sarki ne Baturen nan Michael Cardew ya ga tukwanen wata Bagwariya daga Kwali. Ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, ita kuwa Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko. Ba ta yi boko ba. Amma ta zaga Ingila da Amurka tana gina tukunya a gaban jama'a suna kallo, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu hazaƙa a 1980. Ta rasu a 1984, daga baya aka sa hotonta a bayan takardar Naira 20. Ga mace da mutane suka taru don su kalle ta tana aikinta na yau da kullum, abin da take yi kuwa abin koyi ne. In da a yau wata tasha za ta tara 'yan mata goma sha biyu daga Kwali da Suleja da Bida da Zariya, a ba su yumɓu da mako goma, a bar jama'a su zaɓi magajiyar Ladi Kwali, wa zai ce ba za a kalla ba?

SHAWARA

Na farko, in ana son lambar talbijin da za a kira ta ƙasa da gaskiya, to kada ta zama mallakar kamfani ɗaya. Ƙungiyar gidajen rediyo da talbijin ta ƙasa, wadda ake kira BON, tare da Hukumar NBC, su ne ya kamata su tsaya a kanta, kowace tasha ta shigo da shirinta, ta gwamnati da ta 'yan kasuwa, ta biya da ta kyauta. A riƙa zagayawa da bikin, bana Ikko, baɗi Kano, wata shekara Inugu.

Na biyu, a gyara ƙidaya. Layin waya ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Yanzu da aka haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wannan ba abu ne mai wuya ba. A kuma buɗe hanyar zaɓe ta ƙaramar waya, da Hausa da Yarabanci da Ibo, yadda mai tura baro a kasuwar Suleja zai iya zaɓe kamar yadda babban ma'aikacin banki zai yi.

Na uku, shugabannin masu shirya finafinan Hausa su nemi a dawo da lambar kowane harshe a bikin AMVCA, su nema a rubuce, da hujja, ba da zagi a Facebook ba. Su kuma gyara aikinsu yadda ko an haɗa layin ba za a raina su ba.

Na huɗu kuwa naku ne, ku 'yan uwa mazauna Kurmi. Ku ne ke zaune kusa da inda ake dafa wannan abinci. A cikinku akwai dillalan shanu da na tumatir da albasa, da masu canjin kuɗi, da masu manyan motoci, waɗanda ƙungiyoyinsu ke juya kuɗin da ya fi na kamfanonin da ke tallar a talbijin. Shirin gasa ba ya tsayawa sai da mai talla. In ƙungiya ɗaya daga cikin waɗannan, da goyon bayan sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, ta ce ta ɗauki nauyin gasar dambe ko ta karatu ko ta sana'a ta zango ɗaya a wata tashar Hausa, da kyauta mai tsoka, to an fara. 'Ya'yanku da aka haifa a Agege da Sabo, waɗanda Hausarsu ta fara gauraya, su ne za su fi kowa amfana, don yaro abin da ya ga ana tafa wa shi yake so ya zama.

Da na gama shayina a daren nan na tambayi ɗaya daga cikin samarin ko zai kalli gasar dambe in an yi ta mako-mako a talbijin da kyautar miliyoyi. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ba kallo ba, ni da kaina zan shiga." Mai shayi ya ce to Allah ya kawo masu yi. Mu ma abin da muka ce ke nan. Allah ya sa masu hali su ji, amin.